Gurbin da Aka Bari a Gefen Erlend Harcus

Jawabin da Sinclair Drever ya gabatar a ɗakin taron tsibirin Grunsay, a zaman tunawa da marigayi Erlend Harcus na gidan Garso.

Mai girma Rabaran Alison Groat, wadda ta yi wa 'ya'yanmu baftisma ta kuma raka iyayenmu makwanci, mai girma Kansila Leslie Foubister, bakinmu a majalisar Kirkwall, Dakta Catriona Baird, wadda ta zo a madadin hukumar kula da kayan tarihi, dattawan majami'a, Thora, 'yar marigayi tilo, tare da maigidanki Callum, Gwaggo Jessie, ƙanwar marigayi, Dod Swanney, amininsa tun suna 'yan gajeren wando, jama'ar Grunsay, na kudu da na arewa, da waɗanda suka ƙetaro teku domin wannan rana: ina gaishe ku, ina kuma yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Baƙinmu, ku yi haƙuri da mu. An sanar cewa jirgin ruwan da ya kawo ku ba zai dawo yau ba, gobe ma sai abin da iska ta ce. Kun zo mana zaman yini, ga shi za ku kwana. Akwai gado a kowane gida, akwai gurasar sha'ir da cuku. Ku ɗauke shi a matsayin ɗanɗanon abin da muke sha kowane hunturu, mu da teku ta kewaye ta riƙe mabuɗin.

Zan fara da abin da ke zuciyar kowa, domin ba zai yiwu in yi ta zuba yabo alhali tambaya tana zaune a kan kowace kujera ba. Mun binne Erlend a sabuwar makabarta ta arewa. Matarsa Robina, Bina tamu, tana kwance a tsohuwar makabarta ta kudu, a gindin Hasumiya, tsohon ginin dutsen nan na bakin teku. A tsibirin nan ba mu saba raba miji da mata a ƙasa ba. Thora ta roƙe ni in faɗi dalili a bainar jama'a sau ɗaya, domin ta huta da faɗinsa a bakin kanti da bakin majami'a. Zan faɗa. Amma dalilin ba zai fito ba sai an san mutumin.

Ya kasance magini. Babu katangar dutse a Grunsay da hannunsa bai taɓa ba, kuma bai taɓa sa mata siminti ko laka ba. Yakan ɗauki dutse ya juya shi sau ɗaya a tafinsa, ya ajiye, dutsen ya zauna kamar can aka haife shi. Ya koya mana cewa katangar da ta toshe wa iska hanya gaba ɗaya, iska za ta kwantar da ita. Sai an bar mata 'yan ƙofofi ta wuce tana fito.

Ya kasance makiyayi, mai sanin tumakinsa da fuska ko da sun cuɗanya da na kowa suna cin ciyawar teku a gaɓa. Ya kasance dattijon majami'a wanda ba ya iya waƙa amma bai taɓa fasa yi ba, har Rabaran ta koma kallon rufi idan an zo baitin da yake so. Ya kasance cikin 'yan sa-kai na kashe gobara, cikin kwamitin matsayar jirgi, cikin duk wata hidima da ba a biya ba a kuma gode. Idan saniyarka ta kasa haihuwa, Erlend. Idan iska ta yaye maka rufi, kafin ka gama zagin iskar, ka ji ƙarar taraktarsa a ƙofar gida.

Ya kasance kuma mai taurin kai, ba zan ɓoye ba, domin in na ɓoye Dod zai miƙe ya gyara mini. Dod ne ya raɗa masa Sarkin Duwatsu, shi kuma yana kiran Dod tsohon banza tun Dod bai kai talatin ba. Sun yi rayuwa guda suna musu a kan yanayin gobe, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya ce wa ɗaya ka yi gaskiya ba.

Yaran yanzu ba su riski Ranar Dutse ba, don haka bari in tsaya a kanta. Hasumiyar nan da ke kan tudun kudu, wadda masana suka ce ta girmi zuwan bishara tsibiran nan, mu ba mu tashi muna kiranta tarihi ba. Bango ce kawai, mai tare wa makabarta ruwa. Kowane hunturu teku takan ɓamɓare mata duwatsu daga fuskar da ke kallon ruwa. Kowace bazara kuwa, ranar da teku ta yi babbar janyewa ta farko, kowane gida yakan turo mutum guda. A sauka gaɓa, a tsinto duwatsun da suka zubo, a miƙa su hannu da hannu, a mayar. Mata su kawo gurasa da giyar gida, a ci a kan ciyawa, a yi gulmar wanda bai zo ba. Kakannin kakanninmu sun yi haka ba tare da sun tambayi kowa ba. Tun Erlend yana saurayi shi ke tsayawa a sama, shi ake miƙa wa dutse na ƙarshe.

Sai Bina ta rasu. Danginta duk a kudu suke kwance, ita ma can ta ce a kai ta, ko da yake yawancinmu mun riga mun koma binnewa a arewa. Bisa al'adarmu maƙwabta ne ke haƙa kabari, miji ba ya taɓa shebur, sai dai ya zo ya duba kafin a kawo gawa. Dod ne a cikin ramin lokacin da shebur ya ci karo da dutse. Ya share ƙasa, sai ga matakala, sassaƙaƙƙiya, tana gangarawa cikin duhu ta nufi Hasumiya. Da Erlend ya iso, Dod ya ba shi shawarar da iyayenmu za su bayar: a mayar da ƙasa a yi shiru. Ya ƙara da cewa Bina ba za ta damu da maƙwabtan ƙarƙashin ƙasa ba, tunda ta jure shi kansa Dod a matsayin maƙwabci duk tsawon aurenta.

Erlend bai yi dariya ba. Ya sauka ramin da kwat ɗinsa na jana'iza, ya durƙusa, ya shafa matakin farko da tafin hannu.

"Dod, taɓa nan ka ji," in ji shi. "Tsakiyar ta lotsa. Ƙafa ce ta cinye ta. Mutane ne irinmu suka yi ta hawa da sauka."

Suka shimfiɗa falalen dutse a kan matakalar, aka kwantar da Bina a bisa. Daga ranar Erlend ya san abin da babu wanda ya sani a cikinmu sai Dod: Hasumiya ba ta tsaya inda muke ganinta ba, gari ne guda a ƙarƙashin matattunmu.

Ba a daɗe ba maganar tsawaita matsayar jirgi ta taso. Kun san abin da matsaya mai tsawo take nufi gare mu: jirgi ya iya tsayawa ko da iska, mai naƙuda ta isa asibiti, malamin makaranta ya yarda ya zauna. 'Yan kwangila suka ce dutse mafi kusa kuma mafi sauƙi shi ne na tudun kudu, ta ɓangaren tudu inda ciyawa ta rufe. Yawancinmu muka ce a ɗiba. Erlend, wanda ke cikin kwamitin matsayar da kansa, ya miƙe a ɗakin nan ya ce ba da shi ba. Ya shiga jirgi zuwa Kirkwall, daga can zuwa Edinburgh, shi da bai taɓa kwana a wajen tsibiranmu na Orkney ba sai ranar bikin Thora. Ya nemi a sa tudun a ƙarƙashin kariyar doka. Ya yi ta komawa har masu gadin ofishin suka san irin shayin da yake sha. A nan gida kuwa, akwai gidajen da suka daina ɗaga masa hannu a hanya. Ba zan kira suna ba. Muna nan duka, kuma tun tuni aka shirya.

Dakta Baird ce aka turo ta shata iyaka. Na nemi izininta kafin in faɗi wannan, ta ba ni. Sun zagaye tudun tare, ita da ma'auninta, shi da sandarsa. Da suka iso kusurwar da Bina take, ta tsaya. Ta ga ƙasar da aka bari a gefen kabarin, ta gane ta wane ce. Ta ce masa za ta iya lanƙwasa layin ya kauce wa wannan kusurwa, babu wanda zai ce uffan.

"Dattijo, ka fahimci abin da kake nema?" in ji ta. "In layin ya zagaye kusurwar nan, babu wanda zai ƙara haƙa ƙasa a cikinsa. Har da kai."

"Ai ni ba zan haƙa ba, 'yata, haƙa mini za a yi," ya ce. Da ya ga ba ta yi murmushi ba sai ya gyara murya. "Na ji ki tun farko. Matakalar a nan take. In kin lanƙwasa mini, gobe kowane gida zai zo da tasa kusurwar, jibi kuma 'yan kwangila. Ja layinki a miƙe."

Ta ja shi a miƙe. Kariya ta samu. Aka kafa allo mai bayani, 'yan kwangila suka kwashe kayansu, maganar matsaya ta kwanta har yau, shi ya sa baƙinmu za su kwana. Da rani masu yawon buɗe ido suka fara zuwa, suna ɗaukar hoto, suna sayen hular ulu a wurin Gwaggo Jessie. Sunan Grunsay ya shiga littattafan da ba mu taɓa zaton zai shiga ba. Wannan duka aikin Erlend ne, kuma ina faɗa da babbar murya: ba don shi ba, da yanzu rabin tudun nan yana ƙarƙashin tayoyin manyan motoci.

Amma akwai abin da shi kansa bai hango ba, kuma mu ne kaɗai za mu iya yin irin wannan kuskure, domin mu ba mu taɓa ɗaukar Ranar Dutse a matsayin taɓa Hasumiya ba. A wurinmu kamar shara ce, kamar wanke coci. Bai zo a ran kowa ba cewa dokar da ta hana cire dutse ta hana mayar da shi. Bazarar farko muka taru da gurasarmu, sai aka sanar da mu cewa sai da izini, sai kuma da masani a tsaye. Ba mugunta ba ce. Sun ce duk dutsen da aka mayar ba bisa tsari ba yana share shaidar da masu zuwa za su karanta, kuma akwai gaskiya a ciki. Erlend ya nemi izinin. Izinin ya iso da rani, bayan babbar janyewar ruwa ta wuce. Shekara ta gaba izini ya zo da wuri, masanin kuwa iska ta tsare shi a Kirkwall. Masanan kaɗan ne, tsibiran da teku ke ci da yawa. Haka Ranar Dutse ta mutu a hannun mutumin da ya fi kowa ƙaunarta.

Ina gindin Hasumiya wata safiya bayan guguwa, mu uku, da shi da Dod. Wani dutse mai kyau ya zubo daga bangon, yana kwance dab da takalminsa, gurbinsa a buɗe a daidai ƙirjinsa. Aikin ƙiftawar ido ne. Dod ya duba hagu da dama, ya ce babu mai gani sai tumaki, su kuma ba su iya rubutu ba, Sarkin Duwatsu ya daina tsayuwa kamar hoton kalanda. Ya sunkuya zai ɗauka. Erlend ya sa sanda ya tare masa hannu.

"Ni na roƙo dokar nan, tsohon banza. Ba zan zama farkon wanda zai karya ta ba."

Ya cusa hannuwansa biyu cikin aljihu, ya tsaya yana kallo har ruwa ya dawo ya rufe dutsen. Na ga mutane a gadon asibiti, na ga mutane a gaban alƙali, amma ban taɓa ganin ɗaurarre kamar Erlend a safiyar nan ba, alhali babu igiya a jikinsa. A daren da aka faɗa mini rasuwarsa, ga abin da ya zo mini:

Ya ɗora dutse bisa dutse, bai yi fahari ba,
Ya bar wa iska ƙofarta, bai yi jayayya ba,
Katangar da ya gina wa jama'a ba ta rushe ba,
Wadda ya gina wa kansa kuwa ba ta buɗe ba.

Tun daga lokacin teku take matsowa. Ta cinye bangon waje, ta cinye hanyar tumaki, bara ta ɗauke wani yanki na katangar makabarta. Duk wanda ya je kudu cikin 'yan kwanakin nan ya ga abin da ya rage tsakanin bakin gaɓa da kabarin Bina. Bai kai faɗin ɗakin nan ba.

Da ciwo ya kwantar da shi, Thora ta baro aikinta na jinya a Aberdeen ta zo. Ta ce masa za ta nemi alfarma a binne shi kusa da mahaifiyarta, kuma tana ganin ba za a hana shi ba, shi da ya yi wa wurin abin da ya yi. Ya tambaye ta ko alfarmar da ya hana wasu ce za ta nemo masa. Ta yi kuka, ta ce masa mai taurin kai, ya amsa cewa ai gado ta yi. Sannan ya ce:

"Ku haƙa mini a arewa, ku faɗaɗa ramin. Uwarki ba ta taɓa zuwa ko'ina a kan lokaci ba, amma tana zuwa."

Thora ba ta haƙura ba, kuma babu mai ganin laifinta. Bayan jana'iza ta bi duk ƙofar da za a bi. Dakta Baird ta tsaya mata tsayin daka, ta kawo injiniya ya duba ƙasar. Amsar da aka samu ta fi ƙin yarda ɗaci, domin ba ta da wanda za a ji haushi. Ƙarƙashin kusurwar nan rami ne da ɗakuna. In aka buɗe ƙasar, ko don a kai shi wurinta ko don a ɗauko ta zuwa wurinsa, gaɓar za ta iya zubewa gaba ɗaya, ta tafi da iyayen Dod, da kakannina, da naku. Ba a kai shi. Ba a ɗauko ta. Hanya ɗaya ta rage: ranar da teku da kanta ta buɗe gefen kabarin, doka ta yarda a ceto abin da ya bayyana, nan take, ba jiran takarda. Amma ruwan da ya buɗe da safe yana iya kwashewa da yamma. Sai in akwai mai gani.

Tana kudu, inda teku ke lasar ƙasa,
Yana arewa, da gurbi a gefensa,
Tazarar ba ta kai tafiyar hantsi ba a ƙasa,
Amma babu hannun da zai kai ta wurinsa.

Thora, 'yar Erlend, 'yar Bina, yanzu da ke nake. Na san abin da kika yanke. Kin faɗa wa Callum ba za ki koma Aberdeen ba, za ki zauna a Garso ki riƙa zuwa kudu bayan kowace guguwa, ko shekara nawa za a ɗauka, domin kada teku ta riga ki. Na san kuma yadda kika yi fama kafin ki fita daga tsibirin nan, da yadda mahaifinki ya riƙa nuna hotonki da kayan aiki ga duk wanda ya tsaya, har da masu kawo gas. Ki saurare ni a matsayin wanda ya ɗauke ki a kafaɗa kina yarinya. Mutum ɗaya ya riga ya ɗaure kansa a kan tudun nan har ya mutu. Ya isa. Ba mu yarda ya bar miki wannan a cikin gado ba.

Jama'ar Grunsay, an hana mu ɗaga dutse, amma ba a hana mu ido ba. Gida nawa ne mu? Mun isa mu raba hunturu a tsakaninmu. Duk safiyar da ta biyo guguwa, mutum guda ya taka zuwa kudu ya duba, ya dawo ya faɗa. Ba na son tafi, ba na son ɗaga hannu. Duk gidan da ya yarda, ya je ya faɗa wa Thora da bakinsa kafin ya ɗauki kofin shayi. Dod ya riga ku. Ya ce mata ƙafarsa ta lalace amma idonsa ya fi na tsuntsun teku, kuma ranar da za a sauke Bina a arewa, igiyar kai ta saukar da akwatin cikin kabari ta Thora ce bisa haƙƙi, amma ta biyu kada a ba kowa sai shi, tunda shi ya haƙa wa Bina wancan kabarin ya kuma jawo mana duk wannan. Dakta Baird, ke ma kin yi alkawarin cewa in waya ta buga za ki ba da umarni daga inda kike, ba sai jirgi ya kawo ki ba. Na faɗe shi a gaban jama'a ne domin ya zama namu duka.

Thora, ki koma wurin majinyatanki. In ranar ta zo, za mu riƙe miki mahaifiyarki har ki iso.

Ina gode wa Rabaran da dattawan majami'a, da Kansila, da Dakta, da matan da suka wuni a kicin tun jiya, da mazan da suka haƙa kabarin arewa suka faɗaɗa shi ba tare da sun tambayi dalili ba. Ina gode wa iyalin Garso da suka ba ni wannan nauyi.

Mu sunkuyar da kai.

Ya Ubangiji, Mai iko da ruwa da ƙasa, Kai ka kewaye mu da teku, Kai kaɗai ka san iyakarta. Ka karɓi bawanka Erlend, ka gafarta masa kurakuransa, ka kwance masa hannuwan da ya ɗaure saboda amana. Ka jiƙan Bina da duk waɗanda ke kwance a kudu, waɗanda muka san sunayensu da waɗanda suka hau matakalar nan kafin a fara rubuta suna. Ka ba Thora zuciyar tafiya, ka ba mu ƙafar cika alkawari. Ba mu roƙe ka ka tsayar da teku ba, mun daɗe a nan, mun san ba haka kake yi ba. Roƙonmu ƙarami ne: ranar da za ta buɗe ƙasar, ka sa ya zama da hasken rana, ɗayanmu kuma yana tsaye a wurin.

Amin.